Duwatsun Gilgal: Abin da Muke Bar wa 'Ya'ya da Jikoki

Karatu: Joshuwa 4:1-24, Maimaitawar Shari'a 6:4-25, Littafin Mahukunta 2:6-13

A ranar da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Ubangiji bai bar su su kama hanya su wuce haka kawai ba. Ya umarci Joshuwa ya keɓe mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, kowannensu ya saɓo dutse a kafaɗa daga tsakiyar kogin, daidai inda firistoci masu ɗauke da akwatin alkawari suka tsaya. Da aka yi zango a Gilgal, gabas da Yariko, sai Joshuwa ya kafa duwatsun nan. Nassi bai ce an yi wani rubutu a jikinsu ba, bai kuma ce an miƙa hadaya a kansu ba. Duwatsun kogi ne kawai, tsaye a busasshiyar ƙasa inda ba a saba ganin irinsu ba. Aikinsu guda ɗaya ne: wata rana yaro zai zo wucewa, ya ja rigar mahaifinsa ya tambaye shi abin da ya kawo su nan, mahaifin kuma ya buɗe baki ya ba da labari.

Ba a nan kaɗai Littafi Mai Tsarki ya tanadar wa tambayar yaro wuri ba. A Fitowa 12:26 yara za su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa. A Fitowa 13:14 za su tambayi dalilin fansar ɗan fari. A Maimaitawar Shari'a 6:20, littafin da dattawanmu suka fi sani da Kubawar Shari'a, za su tambayi ma'anar dokoki da farillai. Abin lura a nan shi ne irin amsar da aka sa a bakin mahaifi. Ba a ce ya ce wa yaron haka muka tarar ba, ba a kuma ce ya daka masa tsawa don ya cika tambaya ba. An ce ya fara da bautar da suka yi wa Fir'auna, ya faɗi yadda Ubangiji ya fisshe su, ya faɗi ƙasar da ya kawo su, sa'an nan a ƙarshe ya zo kan dokokin, ya nuna cewa don amfanin kansu aka ba su. Labari yana gaba, doka tana biye.

Wannan shi ne abin da muke so mu yi nazari a kai. Gaskiya, riƙon amana, tsoron Allah, girmama na gaba, tausayin marar ƙarfi, da duk abin da muke marmarin ganin 'ya'yanmu da jikokinmu sun riƙe, ba ya daɗewa a hannun yaro idan an miƙa masa shi ba tare da dalilinsa ba. Dalilin kuwa yana cikin labarin abin da Allah ya yi mana, mu da iyayenmu.

Tsara ta uku

Littafin Mahukunta sura 2 tana cikin wuraren da suka fi ban tausayi a Tsohon Alkawari. Jama'a sun bauta wa Ubangiji dukan kwanakin Joshuwa, wanda ya rasu yana da shekara 110. Sun ci gaba da bauta masa a kwanakin dattawan da suka wanzu bayan Joshuwa, waɗanda suka ga manyan ayyukan Allah da idanunsu. Daga nan sai aya ta 10 ta nuna wata tsara da ta taso ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san aikin da ya yi wa Isra'ila ba. A lura da abu na biyu. Sun gāji gonaki da garuruwa, sun gāji sunan kabilunsu, wataƙila ma duwatsun Gilgal suna nan tsaye inda aka kafa su. Labarin ne bai iso gare su ba. Ko yara ne suka daina tambaya, ko iyaye ne hidimar raba ƙasa da noma ta ɗauke musu hankali, Nassi bai faɗa ba. Ya dai nuna inda abin ya kai su: suka koma bauta wa Ba'al na maƙwabtansu.

Mu kwatanta wannan da namu tarihin. A shekarar 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 biyu daga cikinsu sun riga sun mutu. A 1904 Karl Kumm da abokan aikinsa suka isa Wase. A 1913 Likita Bronnum ya sauka a Numan. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a Garkida a gindin tsamiya. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Waɗannan sunaye da shekaru ana karanta su a ranar bikin cika shekara na ikkilisiya, kuma daidai ne. Amma akwai wasu sunayen da ba a rubuta su a littafin tarihi ba, su ne na kakanninmu da suka fara ba da gaskiya a kowane gida. Wasu an kore su daga gidan ubansu. Wasu an hana su matan da aka yi musu alkawari. Akwai waɗanda suka koyi karatu da girmansu, suna haɗa baƙaƙe a hasken aci-balbal, ba don neman aikin gwamnati ba, don dai su karanta Maganar Allah da kansu. Da yawa sun bar gonakinsu suka tafi bishara a ƙafa zuwa ƙasashen da ba su jin yarensu.

Su ne tsarar Joshuwa a gidajenmu. Mu da muka haura shekara 50 mun rayu da su, mun ji daga bakinsu, muna matsayin dattawan nan da suka wanzu bayan Joshuwa. 'Ya'yanmu da jikokinmu su ne tsara ta uku da ta huɗu. Mai karatu ya gwada wannan a gidansa yau da dare: ya tambayi yaran wane ne ya fara karɓar Almasihu a zuriyarsu, a wane gari, me kuma ya rasa saboda haka. Idan suka amsa, a gode wa Allah. A gidaje da yawa za a yi shiru, alhali yaran nan suna iya lissafa 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Ingila ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Laifin ba nasu ba ne. Wani ne ya ɗauki lokaci ya ba su wancan labarin, kullum, da daɗin murya.

Abin da ake koyarwa ba da niyya ba

Kafin mu zo kan abin da za mu faɗa wa yara, wajibi ne mu yarda cewa muna koya musu abubuwa dare da rana ko ba mu buɗe baki ba. Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma karin maganar bai zaɓi gudun alheri kaɗai ba.

A Farawa sura 12, da kuma sura 20, Ibrahim ya ɓoye cewa Saratu matarsa ce don tsoron kada a kashe shi. A sura 26 sai ga Ishaku ya yi daidai wannan abu game da Rifkatu, a Gerar, garin da mahaifinsa ya yi nasa na biyu. Abin mamaki, ba a haifi Ishaku ba tukuna sa'ad da Ibrahim ya yi haka. Bai gani da idonsa ba, amma ya tashi a gidan da aka san wannan hanya ta fita daga matsala. Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu, gida ya rabu biyu. Yakubu da ya sha wahalar wannan bambanci shekara 20 a gidan Laban, da ya samu nasa 'ya'yan sai ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman. Kowa ya san inda rigar nan ta kai iyalin.

Haka yake a gidajenmu. Uban da ya aiki yaro ƙofa ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, alhali yana ɗaki a kwance, ya gama darasin ranar, ko da za a karanta Dokoki Goma da dare. Uwar da ta nemo kuɗi ta kai ɗiyarta cibiyar jarrabawa inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo, ta koya mata yadda ake cin nasara a duniya, kuma yarinyar ba za ta manta ba ranar da ta zama ma'aikaciyar jinya ko mai riƙe kuɗin jama'a. Akwai waɗanda suka rage shekarun haihuwarsu a takarda don kada ritaya ta cim musu, 'ya'yansu kuwa sun iya lissafi. Akwai kuma teburin cin abincin ranar Lahadi, inda ake fiɗe fasto da dattawa da shugabar Zumuntar Mata gunduwa-gunduwa a gaban yara, daga baya a yi mamakin abin da ya sa yaran ba su ganin girman ikkilisiya.

Eli firist ya tsauta wa 'ya'yansa Hofni da Finehas, kamar yadda 1 Sama'ila 2:23-25 ta nuna. Maganarsa daidai ce. Amma ƙarar da mutumin Allah ya kawo masa a aya ta 29 ita ce ya girmama 'ya'yansa fiye da Ubangiji, har gidan nasa suna ƙiba da mafi kyau na hadayun jama'a. Da wuya tsautawa ta yi tasiri idan mai tsautawar yana cin moriyar laifin. Iyaye da yawa a yau suna addu'a Allah ya tsare ɗansu daga mugunta, amma ranar da ya turo kuɗin da ya fi albashinsa ninki goma, ba mai tambayarsa inda ya samo. Har a kai wani kashi majami'a a yi baikon godiya.

Wasa wuƙa

A Maimaitawar Shari'a 6:7, kalmar Ibrananci da aka fassara da koyarwa da himma ta fito ne daga tushen da ke nufin wasa wuƙa ko mashi. Duk wanda ya taɓa wasa lauje kafin girbi ya san ba a yin sa da bugu ɗaya. Gogawa ce kaɗan-kaɗan, a juya wannan gefe a juya wancan, gobe kuma a sake. Ayar ta ambaci lokatai huɗu na yini: zama a gida, tafiya a hanya, kwanciya, da tashi. Babu ɗaya a cikinsu da yake lokacin aji. Lokatai ne da iyali ke tare ko da ba a shirya ba.

A nan ne zamani ya yi mana ɓarna ba mu ankara ba. Kakanninmu ba su keɓe lokacin tarbiyya ba domin yaro yana gefensu a gona, a maƙera, a wurin daka, a hanyar kasuwa. Yau uba yana fita da asuba kafin yara su farka don gudun cunkoson motoci, ya dawo sun yi barci. Yaro ɗan shekara 10 ko 11 ya tafi makarantar kwana, inda zai yi mafi yawan watannin shekara har shekara 6. Hutun da ya zo ma a tura shi darasin ƙari. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, abin ya ƙaru, har ya kai iyali na zaune a falo ɗaya kowa yana hira da wanda ba ya wurin.

Sai muka miƙa aikin ga Makarantar Lahadi. Allah ya sāka wa malamanta da alheri, yawancinsu suna yi ba ko sisi. Amma mako yana da awa 168, Makarantar Lahadi tana samun ɗaya, ko biyu in an daɗe. Ya kamata kuma mu tuna asalinta. Robert Raikes ya fara irin wannan makaranta a garin Gloucester na Ingila wajen 1780, domin yaran talakawa da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako, waɗanda ba mai koya musu karatu ko Maganar Allah a gida. An kafa ta ne don cike gurbin da gida ya bari. Abin kunya ne gidan dattijon ikkilisiya ya zama shi ne mai wannan gurbin. Bulus ma a Afisawa 6:4 ubanni ya kira da suna, ya ɗora musu renon yara cikin horo da gargaɗin Ubangiji, bayan ya fara ja musu kunne kada su tsokane su su yi fushi.

Game da sujadar iyali, ra'ayina shi ne gajeriya wadda ake yi kullum ta fi doguwa wadda ake yi sau ɗaya a wata sa'ad da maigida ya dawo daga taron farkawa da zafinsa. Minti 10 ya isa a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a karanta 'yan ayoyi, a yi addu'a. Kada ta zama kotu inda ake karanto laifofin yini. Mafi muhimmanci, a bar yara su yi tambaya, har da tambayar da ta fi ƙarfin mai amsawa. Uban da ya ce wa ɗansa, "Ban sani ba, bari mu tambayi Fasto ranar Lahadi," ya koya masa gaskiya da tawali'u a lokaci guda. Yaron da aka saba rufe wa baki a gida ba ya daina tambaya. Yakan kai ta wani wuri ne, masu amsawa kuwa suna da yawa, ba dukansu ne masu ƙaunarsa ba.

Matsayin kakanni

Maimaitawar Shari'a 4:9 ba ta tsaya kan 'ya'ya ba, ta haɗa da 'ya'yan 'ya'ya. Zabura 78:5-8 ta ƙirga tsara huɗu a jere, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Bulus kuma da yake tuna wa Timoti inda bangaskiyarsa ta samo asali, sai ya fara da kakarsa Loyis kafin mahaifiyarsa Afiniki. Mahaifin Timoti Bahelene ne, kuma Ayyukan Manzanni 16:1-3 ta nuna ba a yi wa yaron kaciya ba sai da ya girma, alamar cewa ba a bin al'adar Yahudawa sosai a gidan. Duk da haka ya san Littattafai masu tsarki tun yana ɗan ƙarami. Mata biyu ne suka yi wannan aiki a garin Listra. 'Yar'uwa wadda mijinta ba ya zuwa sujada, da gwauruwar da aka bar wa marayu, da tsohuwar da aka tara wa jikoki a ƙauye iyayensu suna birni, su riƙe wannan.

Al'adarmu ta ba kakanni wata dama da ba ta ba iyaye ba. A gidaje da yawa akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wanda wasu ko sunansa ba sa kira. Amma tsakanin kaka da jika sai wasa. Tsohuwa tana kiran jikanta maigidana, tsoho yana kiran jikarsa amaryata, ana ba'a ana dariya. A cikin wasan nan yaro yakan faɗi abin da ba zai taɓa faɗa wa mahaifinsa ba, ya kuma tambayi abin da yake jin nauyin tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Kakar da ta iya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta iya ba da labarin yadda aka gina majami'ar farko a garinsu da laka da ciyawa, da wanda ya ɗebo ruwa, da wanda ya hana.

Sai dai akwai katangar da mu da kanmu muka gina tsakanin tsofaffi da jikokinsu, ita ce harshe. Iyalai da yawa da aiki ya kai Legas, Fatakwal, Ibadan ko Abuja sun reni yara da Turanci zalla, suna ganin ci gaba ke nan. Ranar Kirsimeti a zo gida, kaka ta rungumi jika, ta yi masa kirari da yarensu, ta koma Hausa, yaron yana kallonta kamar baƙuwa. Daga gaisuwa an gama. Shekara 80 na sanin duniya da tafiya da Allah suna zaune a kan tabarma, jika yana nesa da taku uku, ba hanyar da za su isa wurinsa. Turanci yana da amfaninsa, makaranta kuma za ta koyar da shi ko ba mu taimaka ba. Yaren gida da Hausar da kakanninsa suke addu'a da ita, idan ba mu ba shi ba, ba mai ba shi.

Kakanni ma suna da nasu gargaɗin. Wasa ba izinin rushe horon iyaye ba ne. Tsohuwar da ke ɓoye jika a bayan zanenta duk ranar da ya yi laifi, ko tsohon da ke zagin surukarsa a kunnen 'ya'yanta, suna rushe ginin da ya kamata su tallafa.

Labarin da ke da ɗaci

Akwai wani ɓangare na labarinmu da ba shi da daɗin faɗa. Iyalai da yawa cikin masu karanta wannan mujalla sun rasa 'yan'uwa, ko gida, ko majami'a, a rikicin Kafanchan na 1987, ko na Zangon Kataf na 1992, ko na Kaduna na 2000, ko na Jos na 2001 da 2008 da 2010, ko a hare-haren da suka biyo baya a arewa maso gabas da ƙauyukan tsakiyar ƙasar nan. Wasu ma dalilin ƙaurarsu zuwa inda suke zaune yanzu ke nan. Yara za su tambaya. Za su tambayi inda kawunsu yake, da abin da ya sa ba a komawa tsohuwar unguwa. Me za mu ce musu?

Ɓoye musu ba daidai ba ne, gama za su ji a wani bakin. Amma yadda aka ba da labarin shi zai nuna ko gādon hikima aka bar musu ko gādon gaba. A nan ma Isra'ila tana da abin koya mana. An umarce su kada su manta da bautar Masar har abada, amma dubi abin da aka ce tunawar ta haifar. A Maimaitawar Shari'a 24:17-22, saboda sun taɓa zama bayi, sai su yi wa baƙo da maraya da gwauruwa adalci, su bar musu kalar gona. A 23:7 har an hana su ƙyamar Bamasare, domin sun yi baƙunci a ƙasarsa. Mutanen da aka jefa jariransu a kogi ne ake faɗa wa haka.

Saboda haka idan za mu faɗa wa jikoki abin da aka yi mana, mu faɗa duka. Mu faɗi wanda ya cinna wuta, mu kuma faɗi maƙwabcin da ya buɗe ƙofarsa da dare ya ɓoye mu, ko da ba addininmu ɗaya ba. Irin waɗannan mutane suna nan. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, daga baya ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, tsohon abokin gabarsa, suka shiga aikin sulhunta jama'a. Yaron da ya ji rabin labarin kawai zai tashi da wuƙa a zuciyarsa, kuma mu ne muka wasa masa ita. Neman adalci a gaban hukuma haƙƙinmu ne, yin tsaro ma hikima ce. Amma ramuwa Ubangiji ya ce tasa ce, kamar yadda Romawa 12:19 ta tuna mana, ba kayan gādo ba ce da za mu raba wa yara.

Idan yaro ya kauce

Wata uwa za ta karanta wannan da hawaye, ta ce ta yi duk abin da aka faɗa, ga shi ɗanta ya bar hanya. Ba za mu ƙara mata nauyi ba. Karin Magana 22:6 tana faɗin yadda al'amari yakan kasance ne a yawancin lokaci, kamar sauran karin magana. Ba takardar yarjejeniya ba ce da za a kai Allah ƙara da ita. Sama'ila, wanda ba a same shi da cin hanci ko sau ɗaya ba, 'ya'yansa sun karɓi rashawa a Biyer-sheba. Hezekiya sarki mai tsoron Allah ya haifi Manassa, wanda ya yi shekara 55 a gadon sarauta ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Albasa takan ƙi halin ruwa. Amma jikan Manassa shi ne Yosiya, wanda ya hau sarauta yana da shekara 8 ya kuma komo da jama'a ga Littafin Shari'a. Manassa kansa, bisa ga 2 Tarihi 33:12-13, ya ƙasƙantar da kansa ya nemi Allah sa'ad da aka kai shi Babila a ɗaure. A wane wuri ya san Allahn da zai kira a wannan rana, in ba a gidan mahaifinsa ba?

Ezekiyel sura 18 ta bayyana sarai cewa kowane rai zai amsa don kansa. Ba a gādon ceto ta jini, kowane jika sai ya zo wurin Almasihu da ƙafarsa. Namu shi ne mu tabbata ya san hanyar gida. Monika, wata uwa daga Tagaste a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ta yi shekaru tana kuka da addu'a saboda ɗanta Agustin. An yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387, yana da shekara 32, ita kuwa ta rasu a wannan shekarar. Ba ta ga ya zama bishop na Hippo ba, ba ta karanta manyan littattafan da ikkilisiya ke amfani da su har yau ba. Kada iyaye su rufe ƙofa, kada kuma su yi wa yaro baki cikin fushi. Maganar uwa tana da nauyi, a kashe nauyin nan wajen sa albarka.

Aikin wannan zango

Muna roƙon kowane iyali, da ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na maza da na matasa, su ɗauki wani aiki kafin fitowa ta gaba. A nemi mafi tsufa a zuriya, a kai masa jikoki, a bar su su yi tambayoyin da bakinsu: yadda bishara ta shigo gidan, wahala mafi girma da ya sha da yadda Allah ya fisshe shi, abin da ya koya daga nasa iyayen, da abin da yake so a riƙe bayan ransa. Wayar nan da muka yi kuka da ita tana iya ɗaukar murya, sai a sa ta aiki. Inda jikoki ba su jin yaren, wani ya zauna ya fassara, kada a gaji. Daga baya wani mai kyan rubutu ya taƙaita abin da aka ji, da sunaye da garuruwa da shekaru gwargwadon yadda aka tuna, a rubuta a fararen shafuffukan da ke gaba ko bayan Littafi Mai Tsarki na iyali, a kuma yi wa kowane ɗa da ke nesa kwafi. Ikkilisiyoyin da ke da tsofaffin da ba su da jikoki kusa, malaman Makarantar Lahadi su kai musu ajinsu wata Lahadi da yamma, su tafi da tabarma da ɗan abin da za a ci.